Sawun Giwa Ya Taka Na Raƙumi: Tsofaffin Turbobi da Ramukan Ma'adinai a Ƙasar Suleja

Gabatarwa

Duk matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi Abuja, da zarar ya bar Tafa a bayansa ya fara gangarowa Suleja, ba ya bukatar kowa ya gaya masa ya kusa sauka. Dutsen Zuma ne zai tare masa gaba, dunƙule guda, ya ɗara filin da ke kewaye da shi da kimanin mita 300, ga zanen nan mai kama da fuskar mutum a jikinsa. Fasinjoji su leƙa ta taga, wani ya zaro takardar naira 100 ya gwada hoton da ke jikinta da abin da idonsa ke gani, kafin a ce kwabo mota ta wuce. Abin da akasarinmu muka sani game da wannan ƙasa ke nan, wato abin da ido ya iya ɗauka cikin minti biyu.

Masu iya magana kan ce sawun giwa ya taka na raƙumi. Kwaltar da muke gudu a kanta a yau ta gaji hanyar mota ta zamanin En'e, hanyar En'e ta gaji turbar fatake, turbar fatake kuwa ta tarar da sawun mutanen da suka riga kowa zama a duwatsun nan. Kowace daga cikinsu akwai abin da ake bin ta domin ɗaukowa, kuma sau da yawa daga cikin ƙasa aka tono abin: tama, da kuza, da yumɓu, da dutse. A wannan maƙala za mu bi waɗannan sawaye zango-zango, kamar yadda ayari ke tafiya. Abin da muke son nunawa shi ne, tarihin Suleja da ke cikin littafi na fada ne, na masu diga da kwando kuwa a doron ƙasa aka rubuta shi. Mai tafiya a ƙafa ne kaɗai ke iya karanta shi, ga shi kuma ana share shi muna ji muna gani.

Yadda Wasu Suka Yi da Nasu Ramukan

Kafin mu ɗaura sirdi, ya kamata mu leƙa inda aka riga mu fuskantar wannan matsala, wato ƙasashen da arzikinsu ya tashi a kan kwal, gawayin da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa.

A Amurka akwai wata turba mai suna Great Allegheny Passage, wadda ta taso daga birnin Pittsburgh ta dire a Cumberland, tafiyar kimanin kilomita 240. An kammala haɗa ta a 2013. Yawancinta tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce da ta yi jigilar kwal, da aka daina bi aka ɗebe ƙarafunan, aka daddale wurin domin masu tafiya a ƙafa da masu keke, a wasu sassa har da mahaya dawaki. Mai bin ta yakan ratsa daji da bakin kogi da gadoji, amma yakan kuma wuce ta kusa da mahaƙar Darr, inda iskar rami ta kama da wuta ranar 19 ga Disamba, 1907, ta hallaka mutum 239, da yawansu baƙi 'yan ci-rani daga Turai. Haka nan a yankin Wales na Birtaniya, turbar Taff ta taso daga Cardiff zuwa Brecon, kimanin kilomita 88, ta bi ta ƙauyen Aberfan. A nan ne tsibin tarkacen kwal ya zaftaro a kan wata makarantar firamare ranar 21 ga Oktoba, 1966, mutum 144 suka rasu, 116 daga cikinsu yara ne.

Darasin da ke ciki a fili yake. Mutanen nan ba su binne ramukansu sun manta ba, sai suka shimfiɗa hanya ta gefensu, domin wanda ya fito shan iska ya koma gida da labarin kakanninsa.

Mu ma a Nijeriya muna da garin kwal. A 1909 aka gano shi a tsaunukan Udi, aka fara haƙa a 1915, a 1916 kuma jirgin ƙasa ya haɗa wurin da Fatakwal. A kan wannan sana'a birnin Enugu ya kafu, ya janyo mutane daga ko'ina, har wani Basakkwace mai fataucin shanu, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin na farko a shekarun 1950. A mahaƙar Iva ta wannan gari ne 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wuta kan ma'aikata masu neman haƙƙinsu ranar 18 ga Nuwamba, 1949, suka kashe 21. Da jiragen ƙasa suka koma shan man dizal, yaƙin basasa kuma ya biyo baya, sai harkar ta durƙushe.

Ƙasar Suleja ba ta shahara da kwal ba, jirgin ƙasa kuma bai taɓa kafa tasha a garin ba. Duk da haka, in ana maganar ƙasar da aka tona aka kwashe, sa'an nan aka juya mata baya, to tana da nata labarin, wanda ya girmi na Enugu nesa ba kusa ba.

Zango na Farko: Tama

Kudu maso gabas da Suleja, tazarar kimanin kilomita 60, akwai wani wuri da ake kira Taruga. A shekarun 1960 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya tona wurin, ya sami gumakan yumɓu irin na al'adar Nok, tare da kufan tandunan narka tama fiye da goma. Da aka auna shekarun gawayin da ke cikinsu, sai aka ga sun kai ƙarni na 4 ko na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wannan ya sa Taruga cikin jerin wurare mafi daɗewa da aka tabbatar an narka ƙarfe a Afirka ta Yamma. Ke nan tun fiye da shekara 2,000 kafin a aza harsashin ganuwar Abuja, akwai mutanen da suka san wane dutse ne ke da ƙarfe a cikinsa, suka kuma san yadda za su raba su.

Aikin ba na rago ba ne. Sai an haƙo tama an farfasa, an sare itace mai tauri irin su ƙirya an ƙona gawayi, an gina tanderu da laka, an jera tama da gawayi hawa-hawa, sa'an nan a hura wuta a yi ta ba ta iska har ƙarfen ya dunƙule, dattin ya tsiyaye ya daskare. Wannan datti, wanda ake kira kashin maƙera, ba ya ruɓewa. Manomi kan ci karo da shi a kunya ya jefar gefen gona, alhali kuwa shaida ce ya jefar, wadda ta fi kowace takarda daɗewa.

A nan akwai abin lura. Ƙasashen da muka ambata a baya sun narka ƙarfensu da gawayin ƙarƙashin ƙasa, mu kuwa da na daji muka narka namu. Ramin kwal ɗinmu shi ne kurmi. Duk wanda ya ga buhunan gawayi jibge a bakin titin Minna ko na Kaduna suna jiran motar birni, ya san har yanzu ba a rufe wannan rami ba, sai dai kullum ƙara nisa yake yi da gari.

Zango na Biyu: Turbar Fatake

Daga tama sai mu tsallako zuwa farkon ƙarni na 19. Lokacin da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Musa ta ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fito da jama'arsa ya yo kudu. Lissafin mutanen Abuja ya sa abin a 1804, masu nazari na baya kuwa sun fi karkata ga 1808. Makau ya sauka a Zuba, garin Koro da ke cikin ƙasashen da suke bin Zazzau tun da, ya ci gaba da yaƙi har ya rasu a wajen Lafai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar Jatau, wanda ake kira Abu Ja, shi ya gaje shi, ya kafa gari a bakin kogin Iku a gindin duwatsun Abuci a 1828, garin ya ci sunansa. Daular Usmaniyya ta kewaye Abuja ta fuskar Zariya da Keffi da Nasarawa da Lafai, amma ba ta taɓa cin ta ba. Shi ya sa har gobe sarautar garin Sarkin Zazzau ake kiran ta.

Abin da ya ba wannan wuri daraja shi ne matsayinsa tsakanin kasuwannin Hausa da manyan kogunan kudu, Kwara da Binuwai. A zamanin Abu Kwaka, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1877, aka buɗe ƙofar ciniki da Zariya da Bida. Fatake suka riƙa ratsowa da jakuna da 'yan alaro, madugu na jan ragama, jagaba na gaba yana neman zango, ana sauke kanwa da tufafi da fatu da dabbobi, ana ɗaukar abin da kudu ta tanada.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. A kan turbar nan an kora bayi, kuma da yawansu daga ƙauyukan ƙasar nan aka kamo su, na Gbagyi da Hausawa ke kira Gwari, da Koro, da Gade, da Gwandara, da Bassa. Hari ta ko'ina yake zuwa musu, shi ya sa ƙauyuka da dama suka haye kan duwatsu. Laƙabin da aka yi wa Sarki Ibrahim Iyalai, wanda ya yi mulki daga 1877 zuwa 1902, wato Dodon Gwari, ya isa shaida. Haka kuma magangarar ruwan nan ta Mayanka da ke gefen gari, wadda a yau matasa ke zuwa ɗaukar hoto, sunanta ya faɗi aikinta, domin tarihin baka ya nuna a nan ake zartar da hukuncin kisa. Wanda zai ba da labarin turba, dole ya ba da na wanda ya bi ta a kan doki da na wanda ya bi ta da igiya a wuya.

Turbar ce kuma ta jawo ƙarshen 'yancin Abuja. A 1902 Turawa suka kafa hujja da cewa ana tare ayarin da ke bi tsakanin Lakwaja da Zariya, suka kawo soja suka mamaye garin, aka naɗa Muhammadu Gani.

Zango na Uku: Kuza

Ba Turawa ne suka koya wa mutanen Arewa aikin kuza ba. Tun kafin zuwansu, maƙeran Liruwen Kano, wato Riruwai, da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauci suna wanke ta a rafi, su narka, su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwa. Bin sawun waɗannan tsinkaye ne ya kai ma'aikatan Kamfanin Neja tsaunukan Jos a tsakanin 1902 da 1904. Dokokin mulkin mallaka suka mayar da duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati, kamfanin kuma aka yanka masa rabin kuɗin da za a karɓa a kan ma'adinan wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Masu sana'ar na asali suka wayi gari baƙi a rafin kakanninsu.

Da fari a ka ake ɗaukar kuza daga Jos zuwa Loko a bakin Binuwai. Daga baya aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya, ta isa Jos da Bukuru a 1914, ta yi aiki har 1957 da aka rufe ta. A 1927 kuma babbar hanyar jirgi ta gabas ta iso Jos ta Kafancan, kwal ɗin Enugu ya sami hanyar zuwa filin kuza. A nan ne labarin ramukan biyu ya haɗu: gumin mahaƙin Enugu ke tura jirgin da ke ɗauke da gumin mahaƙin Jos zuwa bakin teku.

Ƙasar Abuja ta shiga wannan harka a zamanin Sarki Musa Angulu, wanda ya yi sarauta daga 1917 zuwa 1944. Kuzar yankin ta kwance ce, wadda ruwa ya wanko daga duwatsu ya tara a gindin rafuka. Lebura zai kware ƙasar sama da diga da shebur, a ɗebi tsakuwar da ke ƙasa a kwanon sarki, a kai lambatu a saki ruwa, yashi ya tafi, baƙin ƙwayar kuza mai nauyi ta kwanta. Helma na tsaye yana ƙirga, a ƙarshen mako a auna a biya. Abin da ake bari a baya shi ne kududdufi da tsibin ƙasa da rafin da aka karkatar.

Mafi ɗacin wannan babi ya zo a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, sai gwamnati ta juyo kan talakan Arewa. Daga 1942 zuwa 1944 aka ɗebi kimanin mutum 100,000 daga larduna, ta hannun hakimai da dagatai, aka kai su Jos aikin tilas na watanni. Jama'a suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Mutanen da suka saba da zafin ƙasar Hausa suka tarar da sanyin tsauni, ga ƙarancin abinci da na makwanci, da yawa suka gudu, wasu kuma ba su sake ganin gida ba. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, kamfanoni suka naɗe tabarmarsu, ramukan suka zama gadon masu ƙasa.

Wani abin mamaki shi ne, digar mai neman kuza ita ce ta tono mana zango na farko. A ramin kuza aka fara samun gumakan Nok a 1928. A 1943 kuma aka kai wa Fagg wani kan gunki daga wajen Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa domin korar tsuntsaye. Haka nan a yankin Abuja, aikin kuza ne ya fallasa irin waɗannan kayayyaki a gindin rafuka. Sunan Baturen da ya yi nazari ya shiga littafi. Leburan da digarsa ta fara taɓa gunkin kuwa, ko a gefen shafi ba a sa shi ba.

Zango na Huɗu: Yumɓu

Ba kowane rami ne ya bar baƙin ciki ba. Matan Gbagyi sun daɗe suna haƙar yumɓu suna gina tukwane da randuna da hannu, ba tare da wani inji ba, su ɗora kayansu a kafaɗa kamar yadda al'adarsu take, su bi turba zuwa kasuwa. Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya hau gado a 1944 bayan ya yi karatu a Kwalejin Katsina, mutum ne mai sha'awar wannan sana'a, har ya tara irin waɗannan tukwane a gidansa.

Da gwamnati ta ɗauko wani Baturen Ingila maginin tukwane, Michael Cardew, ya zaga ƙasa yana neman inda zai kafa makarantar koyon sana'ar, sai ya zaɓi Abuja saboda yumɓunta da ruwanta da itacenta, da kuma goyon bayan Sarki. Makarantar ta fara aiki a farkon shekarun 1950. A 1954 wata mata daga ƙauyen Kwali mai suna Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin. Ta riƙe siffar randar gida da zanenta na ƙadangare da kunama da kada da kifi, ta haɗa da sabuwar dabarar gashi mai tsananin zafi da shafe mai ƙyalli. An nuna aikinta a Landan tun daga 1958, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, aka sa wa makarantar sunanta. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Ashe ke nan ƙasar Suleja ta ba aljihun ɗan Nijeriya hotuna biyu, dutse da mai ginin tukunya. Ladi Kwali ita ce kaɗai daga cikin dubban masu tonon ƙasar nan da duniya ta riƙe sunanta, kuma ta wannan suna guda muna iya kintatar yawan waɗanda suka salwanta.

Zango na Biyar: Dutse

A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta ƙirƙiro sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Daga cikin faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 da aka keɓe, kaso mafi girma daga masarautar Abuja aka yanke shi. Ba ƙasa kaɗai aka ɗauka ba, har da suna. Tsohon gari ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, sabon kuma ya amsa Abuja. A Suleja ma'aikatan farko na gina birnin suka yada zango kafin a sami inda za a kwana a can. Ranar 12 ga Disamba, 1991, gwamnati ta taso daga Legas ta tare.

Birni kuwa da dutse da yashi ake gina shi. Tsaunukan da suka ɓoye mutane a zamanin hari sai ga su ana fasa su da nakiya, ana niƙa su tsakuwa, tifa na kwasa dare da rana. Suleja da Madalla da Zuba suka cika suka batse da ma'aikatan da haya ta fi ƙarfinsu a cikin birni, gonaki suka zama fulotai, fulotai suka zama unguwanni. Duk inda bulo ya sauka, wata tsohuwar turba ko kufai ko ramin tama ya tafi ke nan. Wannan shi ne sawun giwa na ƙarshe, kuma ya fi duk na baya faɗi.

Sai dai ko a nan akwai abin dubawa. A Mpape, bayan birnin Abuja, wani tsohon ramin fasa dutse ya cika da ruwa ya zama tafki tsakanin bangayen dutse. A 2020, lokacin zaman gida na annobar korona, matasa suka gano shi, suka mayar da shi wurin shaƙatawa ba tare da wata hukuma ta gayyace su ba. Ƙishirwar tana nan ke nan. Abin da babu shi ne wanda zai gaya wa mai ɗaukar hoto ko wane ne ya fasa dutsen, da inda aka kai shi.

Kada kuma mu ɗauka zancen rami ya zama tarihi. A 2015 gubar dalma da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. A watan Yuni na 2024 rami ya rufta da mahaƙa da dama a Galadima Kogo cikin ƙaramar hukumar Shiroro. Al'ummar da ba ta riƙe labarin ramin jiya ba, da wuya ta yi hattara da na yau.

Turbar da Muke Hange

To, mene ne abin yi? Ba mu da tsohuwar hanyar jirgi a Suleja da za a ɗebe ƙarafunanta, amma muna da abin da ya girme ta, wato turbobin ƙafa da suka haɗa gari da ƙauyuka da rafuka. Abin da muke hange shi ne a zaɓi wasu daga cikinsu a haɗa su turba guda, a shata ta a taswira, a hana yanka ta fuloti. Ta taso daga gindin Zuma, ta shigo gari ta bi sawun ganuwar Abu Ja, ta gangara bakin Iku, ta leƙa Mayanka, ta tsaya a makarantar Ladi Kwali, mai ƙarfin gwiwa kuma ya zarce ta hanyar Minna har magangarar Gurara. A bar ta ga mai ƙafa da mai keke da mai doki da mai jaki, domin manomi da mai tallan nono da ɗan makaranta su ne za su raya ta kullum, ɗan yawon buɗe ido baƙon Asabar ne. A kowane zango a kafa allo da Hausa da Gbagyi da Turanci, a faɗi abin da ya faru a wurin, mai daɗi da marar daɗi.

Mun san akwai cikas. Daji ba ya shiguwa sai da aminci, filin da ke maƙwabtaka da Abuja kuwa tsadarsa ta sa kowane taku yana da mai shi. Wannan aiki ne na masarauta da ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha, kuma ba zai yiwu ba sai da yardar mutanen ƙauyukan da turbar za ta ratsa.

Amma akwai kashin da ya rataya a wuyanmu mu ɗalibai da malaman Hausa, wanda ba ya jiran kasafin kuɗi. Malam Hassan Sarkin Ruwa da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin Abuja da Hausa, aka fassara shi aka buga a Ibadan a 1952, da ba su yi ba da yau ba mu da madogara a kan sarakunan da muka lissafa. Sun sauke nasu nauyin. Namu shi ne mu ɗauki rakoda da littafi mu shiga ƙauye. Mu tambayi sunan kowane dutse da rafi da kufai, da dalilin sunan. Mu nemi wanda mahaifinsa ya je ɗiban gwamna, da tsohuwar da ta san ramin da ake ɗebo yumɓu mai kyau. Mu tattara kalmomin da aikin rami ya shigo da su harshenmu, irin su diga da shebur da lebura da helma da lambatu da kwanon sarki, domin kowace ɗaya cikinsu kufai ce da ke bakin mutane. Waɗanda suka ga zamanin kuza da idonsu sun kusa ƙarewa, 'ya'yansu ma furfura ta kama su.

Kammalawa

A wannan maƙala mun bi zango biyar a ƙasar Suleja, daga tandunan Taruga zuwa ramin Mpape, muka ga yadda kowane zamani ya tono abin da yake bukata ya shimfiɗa hanyar kwashe shi, na bayansa kuma ya zo ya taka. Mun ga cewa wasu ƙasashe sun mayar da irin waɗannan wurare turbar da jikoki ke bi suna sanin kakanninsu. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya, sai dai mai gudu a mota ba ya waiwaye. In Allah ya kai mu hutu, wanda hanya ta biyo da shi ta Zuma ya daure ya sauka, ya taka ƙasar da ƙafarsa, ya gai da dattijon da ya tarar a gindin bishiya, ya tambaye shi inda tsohuwar hanya ta bi. Tun yana nan, tun ita ma tana nan.